Kanwa ta kar tsami: yadda na kai zoɓo bikin jami'a a Manchester

Saƙon ya shigo imel ɗina tun sanyi bai saki gari ba. Ana cigiyar ɗalibai da malamai masu son kafa tebur a bikin da Jami'ar Manchester take shirya wa mutanen gari a watan Yuni: Asabar guda, ba kuɗin shiga, kowa ya zo da iyalinsa a nuna wa yara kimiyya da zane-zane da kiɗa. Na karanta, na rufe. Ina shekara ta biyu a karatun digirin digirgir a fannin sinadarai, ga 'yata mai shekara 7, ga gida, ga gwaje-gwajen da ba sa jiran kowa. Na ce wannan aikin masu sarari ne.

Maƙwabciyata ce ta sa na koma na buɗe shi. 'Yar Somaliya ce, muna haɗuwa a ƙofar makarantar yara da yamma. Ran nan hira ta kawo mu kan jami'a, sai ta ce mini shekararta 11 a unguwarmu ta Rusholme, kusan kullum bas yana ratsawa da ita ta tsakiyar jami'ar, tunda titin Oxford ta cikinta ya bi, amma ba ta taɓa taka ko gini ɗaya ba. Har gidan tarihin jami'ar, wanda shigarsa kyauta ce, ta ɗauka sai mai katin ɗalibi. Babu katanga, babu mai gadin da zai tare ta, amma a zuciyarta wurin ba nata ba ne. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni ma haka na tashi. Ban taɓa shiga harabar wata jami'a ba sai ranar da na je rajista. A sakandare kuwa, a allo aka zana mana yadda ruwa ke sauya launi idan asid ya haɗu da kishiyarsa, muka haddace launin, muka rubuta a jarrabawa, ba mu taɓa ganinsa da ido ba. A daren na zauna cike fom.

Yawancin tambayoyin fom ɗin masu sauƙi ne: tebur nawa kike so, kina buƙatar lantarki ko ruwa, yara masu shekara nawa kika nufa, mutum nawa za su taya ki. Guda ɗaya ce ta tsayar da ni, ita ce kuma mafi gajarta: me yaro zai yi da hannunsa a teburinki? Ba abin da zan faɗa masa ake tambaya ba, abin da shi zai yi.

Abokan aikina a ɗakin gwaji suka ce in yi na jan kabeji, shi aka fi yi wa yara a Ingila. Ana dafa ganyen, ruwan ya fito shunayya, in an ɗiga masa abu mai tsami ya koma ja, in an ɗiga masa jinsin kanwa ya koma shuɗi ko kore. Na gwada a gida, ya yi, sai dai warinsa ya kwana biyu a kicin, na san ba zan ajiye shi wuni guda a zaure cike da mutane ba. Ina neman abin da zan kore warin da shi a kabad, hannuna ya faɗa kan ledar zoɓon da aka aiko mini daga gida. Ni 'yar Gumel ce. Na tashi ina ganin motoci maƙare da buhunan zoɓo a hanyar Maigatari, tun ban san cewa Jigawa na cikin manyan masu nomansa a Najeriya ba, balle in san har Mekziko ake kai shi. Kuma sinadarin da ya ba jan kabeji launinsa, wanda ake kira antosayanin, danginsa ne ya ba zoɓo nasa jan. Na rubuta a fom: yara za su sauya launin zoɓo, sannan su yi zane da shi. Bayan mako uku aka amsa mini cewa an karɓa.

Gwajin farko bai yi ba. Na jiƙa zoɓon da kauri kamar na sha, na zuba a kofuna uku. Na matsa lemon tsami a na farko, ja ne ya zauna ja. Na zuba bekin soda a na biyu, ya yi kumfa ya dushe kaɗan, shi ke nan. Ba abin da zai sa yaro ya buɗe baki. Na kira Inna a waya, dama ranar kiranta ce. Bayan gaisuwa da tambayar jikarta, na ba ta labari. Ni ce 'yar farinta, ba ta kama sunana.

Ta ce, "Ke 'yar nan, ai cika shi kika yi. Zoɓo da tsaminsa yake zuwa. Ba kya gani in za a yi miyar yakuwa sai an jefa 'yar kanwa, ko a tsiyaye ruwan farko? Tsamin da kika tara ya fi ƙarfin abin da kika zuba. Sirka shi sosai ki gani."

Na ce, "To Inna, Allah ya ƙara girma."

Washegari na auna a ɗakin gwaji, maganarta ce ta fito. Akwai ma'aunin da muke kira pH, wanda wani masanin Denmak mai suna Sørensen ya ƙirƙiro a 1909. Yana tafiya daga 0 zuwa 14: ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa, ruwa tsantsa yana kan 7. Zoɓona ya tsaya tsakanin 2 da 3, kusa da inda ruwan lemon tsami yake. Tsami na ƙara a kan tsami, ina zai sauya? Da na sirka shi har ya koma ruwan hoda mai haske, sai komai ya buɗe. Bekin soda ya mai da shi shunayya mai duhu, ya zarce zuwa shuɗi-shuɗi mai ruwan toka. Sodar wanki, wadda ta fi ƙarfi, ta kai shi kore. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne dawowar: in ka matsa lemon tsami a kan shuɗin, kumfa ta taso, jan ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Nan na gane tsarin teburina. A fara da soda a kore jan, sannan a ba yaro lemo ya dawo da shi da kansa.

Daga nan sai takardar tantance haɗari, ita ce ta fi cin lokaci a duk shirin. A Birtaniya akwai dokar kula da sinadarai masu cutarwa da ake kira COSHH, kowane ɗan ɗakin gwaji ya saba da ita, amma rubuta ta saboda manyan da suka san aiki daban, rubuta ta saboda yaro ɗan shekara 4 daban. Sai ka zauna ka lissafa duk abin da zai iya faruwa, wa zai shafa, me ka tanada. In ruwa ya zube wani ya zame fa? In yaro ya murza ido da hannun da ya taɓa lemo? In akwai wanda jikinsa ba ya ɗaukar lemon tsami? Sau biyu takardar ta dawo mini da tambayoyi, kuma kowace tambaya tana da tushe.

Abu uku aka tsayar. Na farko, duk wani kofi ko cokalin da ya taɓa shiga ɗakin gwaji ba zai zo teburin ba, sababbi za a saya. Na biyu, sodar wanki ba za ta shiga hannun yara ba saboda tana yi wa ido illa, ni kaɗai zan taɓa ta, da tabaran kariya a fuskata. Na uku shi ne kanwa. Na so ƙwarai yara su riƙe ta su jefa da kansu, amma ma'aikaciyar da ke duba takardun ta tambaye ni ainihin abin da ke cikinta da yawansa. Na yi mata bayani cewa gishirin ƙasa ce da ake haƙowa, mafi yawanta sinadaran soda ne, sai ƙasa da wasu gishirai. Ta ce tunda kowane dunƙule da irin haɗinsa, a bar ta a rufaffiyar kwalba a gani, ni in yi gwajinta a gabansu. Na ji ba daɗi a ranar, amma gaskiya ta faɗa. Duk macen da ke girki ta san jar kanwa da farar kanwa da ungurnu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Aka kuma ce in rubuta da manyan baƙaƙe cewa ruwan teburin ba na sha ba ne. Wannan ya yi mini nauyi, a ce baƙo ya tsaya gaban zoɓo ban ce masa bismillah ba, amma kofin da aka zuba wa soda da wanda ba a zuba wa ba, ƙaramin yaro ba zai bambance su ba.

An tara mu wata la'asar aka yi mana bita. Aka haɗa ni da wani ɗalibin tarihi, aka ce kowa ya bayyana wa ɗan'uwansa aikinsa cikin minti ɗaya ba tare da kalmar da sai ɗan fanni ya sani ba. Sau uku yana tsayar da ni. Aka ce mu durƙusa daidai tsawon yaro in za mu yi masa magana, mu fara tambayarsa abin da yake zaton zai faru kafin mu nuna masa, kada mu ɗauki hoton kowane yaro sai da izinin iyayensa, kuma yara a hannun iyayensu suke, wanda ya ɓace a miƙa shi ga masu kula da taro. A gida na mai da 'yata ɗalibata. Duk inda ta fara waige-waige, na san wannan jimlar ta yi tsawo, in yanke ta.

Saura kwana 10 na gamu da abin da ya kusa karya mini gwiwa. Ɓangaren zanen ya dogara ne kan takardar da aka rina da zoɓo aka shanya, yaro ya tsoma tsinken auduga a lemo ko a ruwan soda ya yi zane, launi ya fito. Na sayi ƙunshin farar takardar firinta, na rina kusan 100 a dare ɗaya, na shimfiɗa su. Da asuba na tarar duk sun koma shuɗi mai ruwan toka tun ba a taɓa su da komai ba. Na zauna a ƙasa ina kallonsu. Sai da na idar da salla hankalina ya dawo, na tuna cewa irin wannan takardar ana cakuɗa ta da garin alli don ta yi fari da santsi, alli kuwa ɓangaren kanwa yake. Takardar da kanta ta riga yaran yin gwajin. Na koma kan takardar tace kofi, ita ba ta da wannan haɗin, ta bushe da launin hoda mai ɗan shunayya. Dare huɗu muna yi, maigida yana yanka, ni ina tsomawa, 'yarmu tana maƙalawa a igiyoyin da muka ɗaura daga taga zuwa ƙofar falo. Muka yi 300. Waɗanda suka ɓaci ban zubar ba, na ware wasu don in tambayi manyan yara dalilin da ya sa suka sauya.

Ranar bikin da sassafe muka isa da akwati biyu da jarkoki. Gari ya wayi da gajimare irin na Manchester, amma ruwa bai sauko ba. Ɗalibai biyu daga sashenmu suka zo taya ni. Muka shimfiɗa leda a tebur, muka jera ƙananan kofuna, robobin ɗiga ruwa irin na maganin ido, rigunan leda don kada zoɓo ya ɓata wa yara kaya, da kwalbar kanwa a tsakiya kusa da tasar busasshen zoɓo. A teburin da ke gefenmu masu nazarin girafin ne, da fensir da salatif, suna nuna yadda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka yi ta ɓare garin bakin fensir da salatif a wannan jami'ar a 2004 har suka samu shimfiɗa mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, wato girafin ɗin, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2010. Na ji daɗin wannan maƙwabtaka. Su da salatif, mu da zoɓo. Daga waje ana jiyo ganguna, yara na shigowa da zanen damisa da malam-buɗe-littafi a fuskokinsu.

Yarinyar farko ba ta wuce shekara 5 ba, tana riƙe da gefen rigar babanta. Na durƙusa na tambaye ta launin ruwan. Ta faɗa a hankali. Na ba ta roba ta ɗiga soda. Hannunta na rawa, ɗigo na farko ya sauka a tebur, na biyu ya shiga. Wani duhu ya sauka cikin jan kamar hayaƙi, ya bazu, kofin ya rine. Ta saki rigar babanta. Na ce, "Za ki iya dawo da shi?" Ta girgiza kai. Na miƙa mata lemo. Da kumfar ta taso jan ya dawo, sai ta juya ta kalli babanta ba ta ce komai ba, ta sake miƙo hannu a ba ta soda. Daga wannan lokacin ban ƙara zama ba sai da na je sallar azahar.

Abin da ban shirya masa ba shi ne manya. Wata tsohuwa 'yar asalin Jamaika, ta zo da jikoki daga unguwar Moss Side, ta ɗauki busasshen zoɓo daga tasa ta sansana, ta ce wannan ai soril ne, da shi suke bikin Kirsimeti, da citta da kanumfari. Na ce mata mu ma haka muke haɗa shi. Ta daɗe a tsaye tana ba jikokinta labarin mahaifiyarta. Wani magidanci ɗan Sudan ya ce karkade, wata 'yar Gana ta ce sobolo, wani ɗan Sanagal ya ce bisap. Ɗaya daga cikin masu taya ni ta samo kwali ta ce kowa ya rubuta sunan da ake kiransa a garinsu. Kafin yamma kwalin ya cika da rubutu iri-iri, har da na Larabci. Mutanen da da farko suke tsayawa daga baya suna tura yaransu gaba, da sun ga abin da suka sani daga kicin ɗin gidansu sai su matso, su fara gyara mini bayani, su karɓi robar su ɗiga da kansu. A ganina wannan shi ne amfanin bikin gaba ɗaya, kuma ba abu ne mai tsada ba. Duk kayan teburina ba su kai kuɗin cefanen mako guda ba. Na yi ta tunanin jami'o'inmu na gida, inda zoɓo da kanwa da tsamiya suke a bakin kowace ƙofa, ga yaran unguwannin da ke kewaye da su, waɗanda iyakarsu da jami'a hangen katanga.

Duk bayan rabin awa nakan buɗe kwalbar kanwa in yi nawa gwajin. In sa tabarau, in ɗiga ruwan kanwar da na jiƙa cikin zoɓo, jan ya mutu a gabansu. Sai in faɗa musu cewa a harshenmu, in rigima ta ƙare aka huta, cewa ake yi kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta, kuma abin da suka gani yanzu shi ne asalin maganar. Kakanninmu mata sun san wannan haɗin a tukunya tun kafin a ba shi suna a littafi.

Wani yaro ɗan kimanin shekara 11 bai gamsu da kallo ba. Ya ce shi dalilin yake so. Na ce masa ƙwayoyin launin da ke cikin zoɓo suna da siffa, tsami yana manna musu wani ɗan ƙaramin abu da ake kira haidirojin, kanwa tana cire shi, kuma duk lokacin da siffar ta sauya, ɓangaren hasken da suke haɗiyewa ya sauya, sai idonmu ya ga wani launi. Kumfar kuma iskar kabon dayoksaid ce, irin wadda ke cikin lemon kwalba. Na ƙara masa da cewa tun a 1664 wani masani, Robert Boyle, ya rubuta yadda ruwan wani fure mai launin shunayya ke komawa ja da tsami, ya koma kore da kishiyarsa. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, in ya yi ta kai shi yana dawo da shi, zai yi ta yi har abada? Na ce ya gwada. Ya ja kujera gefe, soda, lemo, soda, lemo. A zagaye na shida ya kawo mini kofin ya cika taf, launin ya koɗe. Ya ce ya gano, ruwan da yake ƙarawa ne yake sirka shi. Na ɗauko masa takardar firintar da ta ɓaci na ce to ga wata tambayar. Mahaifiyarsa ta yi ta kiransa, sai da ta zo ta kama hannunsa.

Takardunmu 300 sun kusa ƙarewa kafin a tashi, muka koma yanka ragowar gida biyu. Igiyar da muka ɗaura a bayan tebur ta cika da zane yana bushewa: furanni, kifaye, bas, tambarin ƙungiyoyin ƙwallon garin guda biyu, sunaye da jan lemo a kan hoda, ganyaye da shuɗin soda. Maigida ya ɗauki 'yarmu ya kai ta gidan tarihi ta ga kwafin ƙwarangwal ɗin wata ƙatuwar dabbar zamanin dauri da suke kira Stan da ƙananan kwaɗi masu rai da ake kiwo a can, ta dawo tana ba ni labari ina zuba wa wasu zoɓo.

Wajen ƙarfe uku na hango maƙwabciyata a bakin zauren da 'ya'yanta huɗu, ta tsaya tana duba ta inda za ta bi. Na ɗaga mata hannu. Yaran suka rugo, ita ta biyo su a hankali. Bayan duk sun yi, na miƙa mata robar. Ta ce a'a, na yara ne. Na ce, "Maman yara, ki gwada ko sau ɗaya ne." Ta gyara mayafinta, ta ɗiga, ta sunkuya tana kallon duhun yana sauka cikin kofin. Daga nan ta tambaye ni ta ina ake shiga gidan tarihin, na fita da ita har bakin titi na nuna mata ƙofar.

Mun kwashe kaya ƙafafuna sun kumbura, yatsuna sun yi ja har ƙarƙashin farce, kwana uku kafin ya fita. Cikin makon aka aiko da fom na ƙarshe ana tambayar yadda ta kaya da abin da zan gyara. Na rubuta cewa a ninka takardu, a ƙara mutum ɗaya saboda a riƙa hutawa, a kuma tanadi kujeru biyu don tsofaffin da ke son tsayawa hira.

Ranar Asabar ta gaba da hantsi aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Babban ɗan maƙwabciyata ne, riƙe da kofin gilashi da hannu biyu kada ya zube. Ya gaishe ni, ya ce, "Anti, duba." Baƙin shayi ne ya matsa wa lemon tsami, launin ya washe ya yi haske. Ya ce ya gwada da madara da ruwan tuffa ba su sauya ba, shayin ne kawai, yana so ya san ko shi ma irin zoɓo ne. Na ce ya shigo. Na ɗebo masa zoɓo cikin tafin hannu biyu na ƙulla a leda, na haɗa masa da takardar tace kofi guda biyar da suka rage, na ce ya sirka shi sosai, kuma ya rubuta duk abin da ya ɗiga da launin da ya fito, ya kawo mini mu duba tare.